Kwas ɗin wata shida a intanet zai sa in zama mataimakiyar likitan fisiyo a Amurka?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ina zaune a Bronx a birnin New York, ina da takardar zama ta dindindin, aikina kula da tsofaffi a gidajensu. Ina ganin masu zuwa motsa jikin tsohuwar da nake kula da ita, har aikin ya shiga raina, ina so in zama PTA, wato mataimakiyar likitan fisiyo. An ce mini karatun shekara biyu ne a kwaleji, ga ni da yara uku. Wani a unguwarmu ya ce akwai kwas na wata shida a intanet, in na gama a ba ni takarda, har in riƙa yi wa mutanenmu gashi da tausa a gida ina samun kuɗi. Ya ce in kawo kuɗin kafin ƙarshen wata. Adashina zan ɗauka in ba shi, kuma ina tsoron asara. Don Allah a ba ni shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, ki riƙe adashinki tukuna, kada ki ba shi ko dala ɗaya. Tsoron da kike ji yana kan hanya.

A Amurka ba a zama PTA sai da lasisin jiha ko takardar izininta, kuma babbar hanyar wanda zai yi karatunsa a nan ita ce: ki gama digirin shekara biyu a shirin da CAPTE, hukumar da ke tantance makarantun fisiyo, ta amince da shi, sannan ki ci jarrabawar ƙasa ta NPTE wadda FSBPT, haɗaɗɗiyar ƙungiyar hukumomin lasisin fisiyo na jihohi, ke shiryawa. Sunayen duk makarantun da aka tantance suna shafin CAPTE, dubawa kyauta ne. Ki tambayi mutumin nan sunan makarantarsa, ki nema a can. Ba za ki same ta ba. Abin da irin waɗannan kwasa-kwasan ke bayarwa, in ma na gaskiya ne, shaidar aikin aide ce, wato mai goge gado, ɗauko tawul, shirya kayan aiki da raka majinyaci ɗakin gashi. Aiki ne na halal, amma ba shi da lasisi, yawancin asibitoci su suke koya wa mutum shi bayan sun ɗauke shi, kuma albashinsa bai kama ƙafar na PTA ba, wanda matsakaicinsa ya haura dala 60,000 a shekara.

Tunda kina New York, kwalejojin LaGuardia a Queens da Kingsborough a Brooklyn duk suna da wannan shiri. Shiga kwalejin daban, shiga shirin daban. Sai kin fara yin darussan share fage, babbansu ilimin sassan jiki da yadda suke aiki, kashi na ɗaya da na biyu, kuma makinki a nan shi ne zai yi miki magana, domin shirye-shirye da yawa ɗalibai 20 zuwa 30 kawai suke ɗauka a shekara. Wasu makarantun suna neman shaidar sa'o'in da kika yi kina kallon aiki a asibiti, da sa hannun likitan wurin. In takardar sakandarenki ta gida ce, za a ce ki kai a tantance ta, abin da ke cin makonni, don haka ki fara da shi. Da takardar zamanki kina iya cike FAFSA, fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnatin tarayya, wataƙila ki samu tallafin Pell, wanda ba bashi ba ne. Ki sa a ranki shekara biyun nan kan zama uku ga mai aiki da yara.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki, maganar yi wa mutane gashi da tausa a gida. Wannan tunanin nake fama da shi kullum a wurin aiki, kuma ya ishe ni. Mutanenmu sun ɗauka fisiyo tausa ce, duk mai ƙarfin hannu da kwalbar man zafi ya iya. Ko wadda ta gama shekara biyun ta karɓi lasisi, doka ba ta ba ta ikon buɗe wurinta ta karɓi majinyaci da kanta ba. Likitan fisiyo, mai digirin DPT (digirin dakta a fannin fisiyo) ko makamancinsa, shi ke fara duba majinyaci, ya gano matsalar, ya rubuta tsarin jinya. PTA tana aiwatar da tsarin ƙarƙashin kulawarsa, tana rubuta abin da ta gani, ta koma masa in wani abu ya sauya. To ina ga mai takardar wata shida da ba ta taɓa riƙe majinyaci a gaban malami ba?

Ki dubi wannan. Dattijo ya dawo gida bayan tiyatar gwiwa ko ƙugu, bayan 'yan kwanaki sharaɓarsa ɗaya ta kumbura, ta yi ɗumi, in an taɓa sai ya yi ƙara. 'Ya'yansa su ce jijiya ce ta ɗaure, a kira mai tausa. Ita kuma ta zo ta zuba mai, ta sa babban yatsa ta danna tun daga idon sawu zuwa bayan gwiwa. Alhali mai yiwuwa gudan jini ne ya daskare a jijiyar ciki. In ya ɓalle, huhu zai nufa, mutumin da ke hira da ku yanzu sai numfashi ya gagare shi. Ɗalibar PTA tun a shekarar farko ake cusa mata cewa ƙafa irin wannan ba a taɓa ta. A dakatar da komai, a kira likita a take.

Ga kuma masu shanyewar ɓarin jiki, su ne suka fi shan wahala a hannun masu ganin sun iya. Hannun da ya shanye tsokar kafaɗarsa ta saki, ba abin da ke riƙe kan ƙashin a gurbinsa sosai. Sai ka ga ana kama wannan hannun ana jan mutum daga kujera, ko ana ɗaga shi sama da ƙarfi wai don jijiya ta buɗe. Bayan wata guda a kawo mana shi, in ka sa yatsa a saman kafaɗar sai ya faɗa rami, ga ciwon da ke hana shi barci, ga shi ya tsani duk wani motsa jiki saboda azabar da ya sha. Watannin farko bayan shanyewa su ne lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi saurin sake koyon motsi, su kuma ake ɓatawa a hannun mai man zafi. Wanda aka yi wa tiyatar sauya ƙugu ta baya ana iya hana shi lanƙwasa shi fiye da digiri 90 ko harɗe ƙafafu na wasu makonni. Wa zai gaya wa mai tausa wannan? Tsohuwar da ta daɗe a kwance, in aka miƙar da ita farat ɗaya jininta kan sauka, jiri ya kwashe ta, ta faɗi ta karya ƙugu. Shi ya sa za ki ga masu zuwa gidan da kike aiki suna auna jini tukuna, su zaunar da ita bakin gado, su ɗaura mata ɗamara a ƙugu kafin ta tashi. Ba ɓata lokaci suke yi ba. Kuma ranar da abu ya lalace a hannunki, wanda ya sayar miki da takardar ba za a gan shi ba. Ke hukuma za ta tuhuma da yin aikin lafiya ba lasisi, kuma wannan tabon yana iya hana ki lasisin gaskiya nan gaba. Ki ji tsoron Allah a kan jikin bayinsa, shi ma mai tallan ya ji.

Saura abu biyu da ya kamata ki shirya musu. A ɗakin gwaji ɗalibai a jikin junansu suke koyo, ana laluba ƙashi da tsoka, ana buƙatar kafaɗa da gwiwa a buɗe, kuma aji a haɗe yake maza da mata. In kina sa hijabi, ki je wurin shugaban shirin tun kafin ki nema, ki tambaya ko za a haɗa ki da mace, da irin suturar da za su yarda da ita. Majinyata maza kuwa dole za ki riƙe su, ki yanke shawara a kai tun yanzu. Na biyu, horon asibiti: sa'o'i sama da 500, wasu makonnin cikakken yini tun safe, ba a biyan ko sisi. A nan masu iyali suka fi faɗuwa, ba a jarrabawa ba. Adashin nan naki, wannan lokacin za ki ajiye wa shi, don haya da mai riƙe yara.

Jarrabawar NPTE ana cin ta da maki 600 cikin 800, kuma sau shida kawai mutum zai iya zama a rayuwarsa. Amma wannan yana gaba. A wannan makon ki kira ofishin ɗaukar ɗalibai na ɗaya daga kwalejojin nan, ki tambayi ranar taron bayani na shirin PTA, ki yi rajistar darasin sassan jiki kashi na ɗaya a zango mai zuwa. Allah ya ba da sa'a.