Hukuncin Shiga Gwajin Sabon Maganin Ciwon Hanta

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena yana zaune a Ingila, likitoci sun ce magudanan ruwan matsarmamarsa sun kumbura suna ta tsukewa, ciwon da suke kira PSC. Idanunsa sun yi ɗorawa, ƙaiƙayi ya hana shi barci. An nemi ya shiga gwajin wani sabon magani, amma wasu za a ba su ƙwayar da babu magani a cikinta, kuma ba za su san su ne ba. Wannan ba yaudara ba ce, ko jefa kai halaka?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba shi lafiya.

Ya halatta ya shiga, da sharuɗɗa. Annabi (SAW) ya umarci bayin Allah da neman magani, kamar yadda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito daga Usama bin Sharik. Shi wannan ciwo har yanzu babu maganin da aka tabbatar yana tsayar da shi. Idan ya cinye hanta, dashe ne mafita. To magani ba ya tabbata sai an gwada. Ga misali: a 2009 wani bincike a Amurka ya nuna cewa yawaita maganin Urso, wanda ake kyautata wa zato, ƙara wa masu PSC cutarwa ya yi. Da zato aka bi, da ana nan ana ɗura musu.

Batun yaudara kuwa, yaudara ita ce a ɓoye maka abin da ba ka yarda a ɓoye ba. Idan tun farko an ce masa, "Ƙila ka faɗa cikin masu shan ƙwayar wofi," ya fahimta, ya sa hannu, babu ha'inci. Ayar Baƙara ta 195 kuma, wadda ta hana jefa kai halaka, tana aiki ne inda halaka ta rinjayi amfani.

Na san abin da ke ranka. Mutanenmu ba su manta gwajin Trovan da aka yi wa yara masu sanƙarau a Kano a 1996 ba, da rigimar izinin iyaye da ta biyo baya. Saboda haka a tsaya kan waɗannan: ya yarda don kansa ba don kuɗi ko kunyar likita ba, a bayyana masa haɗarin da harshen da yake ji, kada a hana shi kulawar da yake samu yanzu, kuma ya iya fita duk ranar da ya so. Idan likitan hantarsa ya ga gwajin zai fi cutar da shi, ya haƙura, domin "la darara wa la dirara," wato babu cuta, babu cutarwa. Wallahu a'alam.