Me ɓera ya koya mana game da mantuwar tsofaffi?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Kakata da ke ƙauyenmu a bayan Kura ta fara mantuwa sosai, takan tambayi abu ɗaya sau biyar. An ce mana wani sinadari ne ya ƙaranta a ƙwaƙwalwarta, wai a jikin ɓeraye aka gano haka. Yaya abin yake?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya.

Sinadarin sunansa asitilkolin, da shi wasu ƙwayoyin jijiya ke aika wa juna saƙo. A jikin mutane aka fara gano ƙarancinsa, a 1976, lokacin da masu bincike a Birtaniya suka duba ƙwaƙwalwar waɗanda suka rasu da cutar Alzaima, wato cutar mantuwa da ta fi kama tsofaffi. Daga baya aka koma kan ɓera don a ga me ke biyo baya idan aka katse hanyar sinadarin.

Kai ɗan Kura ne, ka san yadda ruwan Tiga ke bin magudanai har ya isa gonakin shinkafa. To, can ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan gungu na ƙwayoyin jijiya da ke tura asitilkolin sama zuwa ɓawon ƙwaƙwalwa, inda ake tunani da tantance abin da aka gani ko aka ji. Masu bincike sukan lalata gungun nan a ɓera da wata guba da ake kira saforin, wadda aka haɗa ta yadda waɗannan ƙwayoyin kaɗai take kashewa.

Ɓawon ba ya mutuwa. Gona tana nan, ruwa ne ya daina zuwa. Idan aka auna motsin lantarkin ƙwaƙwalwar, sai a ga ya yi sanyi, ya karkata zuwa irin na mai gyangyaɗi. Ɓeran yana ci yana yawo, amma a sa shi jiran ɗan hasken da zai ƙyafta ya ɓace, sai ya riƙa kuskurewa. Koyon sabon aiki, kamar miƙa hannu ya ɗauko ƙwayar abinci, shi ma yakan yi masa wuya. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, mayar da hankali ya fi lalacewa fiye da ita kanta ƙwaƙwalwar tuna abu. Wanda bai kama magana da kyau ba, ina zai tuna ta?

Daga gano ƙarancin asitilkolin ne aka samo magunguna irin donefezil. Ba sa tayar da ƙwayar da ta mutu, suna dai hana ɗan sinadarin da ya rage saurin narkewa.

Ku kai Hajiya asibiti a duba ta, ku tafi da duk magungunan da take sha, don wasu magungunan mura da na ƙaiƙayi suna toshe aikin asitilkolin, su ƙara wa tsoho ruɗewa.