Manhajar saurin karatu: kalmomi suna wucewa, ma'ana ba ta zama

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a jami'a. Na sauke wata manhaja da aka ce tana ƙara saurin karatu. Takan ɗauki rubutu ta riƙa hasko kalma ɗaya-ɗaya a tsakiyar fuskar waya, ido ba ya motsi ko kaɗan. Na kai ta kalma 500 a minti ɗaya, kuma kowace kalma ina ganinta, amma idan na gama sai in rasa abin da na karanta. Ni ce ban iya ba, ko manhajar ce? Daga wata ɗaliba a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Laifin ba naki ba ne. Manhajar ta hana idonki wani aiki da fahimta ba ta yiwuwa sai da shi.

Yau da dare ki ba ƙaninki littafi, ki zauna gabansa ki zuba wa ƙwayar idonsa ido yana karatu. Za ki ga ba ta gudana a kan layi kamar ruwa, tsalle take yi irin na kwaɗo: ta dira, ta tsaya, ta sake tsalle. Wani likitan ido Bafaranshe, Louis Émile Javal, ya bayyana haka tun ƙarshen shekarun 1870. Kowace tsayawa takan kai kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na daƙiƙa, tsallen kuma yakan ƙetare haruffa 7 zuwa 9. A lokacin tsayawar ake karatu. A lokacin tsallen kuwa, ƙwaƙwalwa takan danne gani, shi ya sa idan kika tsaya gaban madubi kina duban idon dama ki koma na hagu, ba za ki taɓa ganin idonki yana motsi ba, alhali wanda ke gefenki yana gani.

Dalilin tsallen shi ne wurin da ido yake gani tar ƙanƙani ne ƙwarai. Ki miƙe hannunki ki dubi farcen babban yatsa, faɗinsa ke nan kusan. Abin da ke gefensa dishi-dishi ake ganinsa, amma yana da amfani. A 1975 George McConkie da Keith Rayner a Amurka sun haɗa kwamfuta da na'urar bin motsin ido, suka riƙa rufe rubutu suna barin 'yar taga da ke bin idon mai karatu. Binciken irin wannan ya nuna mai karanta Ingilishi yana cin moriyar haruffa 3 zuwa 4 ta hagun inda ya tsaya, da 14 zuwa 15 ta dama. Ke nan ido yana kan wannan kalma, hankali ya riga ya leƙa ta gaba, ya ga tsawonta da haruffanta na farko, ya yanke inda za a dira, wani lokaci ma ya tsallake gajerun kalmomi gaba ɗaya. Abin da ya fi burge ni a nan: da aka gwada masu karanta Ibrananci da Larabci, waɗanda ake farawa daga dama, sai tagar ta juya ta fi faɗi ta hagu. Mutum ɗaya mai harshe biyu tagarsa takan juya gwargwadon rubutun da ke gabansa. Ashe sabo da hankali ne suke jan ido, shi idon ɗan aike ne.

To, ga inda manhajarki ta yi ɓarna. Cikin kowane tsalle goma, ɗaya ko fiye baya yake komawa. Da yawa sukan ɗauki wannan rauni ne, har masu tallar saurin karatu suna alkawarin raba mutum da shi. Gyara ne. Karanta wannan: "Garin ya ƙare, sai a kai wata masarar niƙa." Mai yiwuwa da farko birni ya zo miki, sai da kika isa "masarar" kika gane garin tuwo ake nufi, idonki ya koma ya sake ɗauka. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, don haka irin wannan ta yi yawa a Hausa: fari na launi da fari na rashin ruwa, kuka na hawaye da kuka ta miya. A 2014 Elizabeth Schotter da abokan aikinta a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego sun sa kwamfuta tana shafe kowace kalma da zarar ido ya wuce ta, sai fahimta ta ragu, har a jumlolin da ba su da sarƙaƙiya.

Ga kuma ma'ajiyar wucin gadi ta ƙwaƙwalwa, wadda take riƙe farkon jumla har a kai ƙarshenta. Abubuwa kamar huɗu take iya riƙewa a lokaci guda. A takarda, idan ta cika, ido yakan ɗan jinkirta a ƙarshen jumla har a ɗaure ma'ana. Manhajar kuwa ba ta san kin cika ba, zuba miki kawai take yi. Ki kuma sani matsakaicin saurin manya masu karanta Ingilishi a zuci kalma 238 ne a minti, bisa lissafin Marc Brysbaert na 2019. Kin ninka wannan, kuma an ɗaure miki ido.

Shawarata, ki cire ta daga karatun jarrabawa. Saurin gaskiya daga yawan kalmomin da kika sani yake zuwa, da sanin fannin da kike karantawa, domin kalmar da ido ya saba da ita ba ya daɗewa a kanta.

TAMBAYA: Malam, ba ni da kwamfuta, a waya nake karanta takardun darasi na PDF. Nakan karanta shafi biyar in kasa tuna komai, amma idan na buga su a takarda sukan zauna. Akwai saitin da zan gyara? Daga wani ɗalibi a Maraɗi.

AMSA: Akwai, ɗan'uwa, kuma abin da ka lura da shi ba kai kaɗai ba ne. A 2018 Pablo Delgado da abokan aikinsa a Sifaniya sun tattara bincike 54 da suka shafi mutum fiye da 170,000, suka ga takarda ta ɗan fi fuskar na'ura wajen fahimtar rubutun ilimi, musamman idan lokaci ya ƙure.

Ƙwaƙwalwa takan haɗa magana da mazauninta. Tambayi mahaddata: da yawansu ba sa yarda su canza bugun Alƙur'anin da suka yi hadda da shi, domin suna tuna aya tana saman shafin dama ko ƙasan na hagu. Idan kana jan rubutu sama da yatsa, babu layin da yake da mazauni, ido kuma idan ya so komawa baya sai ya yi lalube. Mafi muni shi ne ka buɗa shafin da yatsu biyu kana jansa dama da hagu, domin a ƙarshen kowane layi sai ka nemi farkon na gaba, ƙarfin da ya kamata ya tafi ga ma'ana ya ƙare a nema.

Saboda haka ka shiga saitin manhajar PDF ɗinka ka zaɓi shafi-shafi a maimakon ja. Ka kwantar da wayar a gicciye don layi ya fito cikakke. Idan har yanzu haruffan ƙanana ne, manhajoji irin su Adobe Acrobat Reader suna da tsarin da ke sake jera rubutu daidai faɗin waya. Sannan ka kunna tsarin hana damuwa (Do Not Disturb), wanda a iPhone yake da alamar jinjirin wata, a Android kuma yana cikin maɓallan da ake jawowa daga sama. Wannan na ƙarshen na fi damuwa da shi. Saƙon WhatsApp ɗaya da ya leƙo ya isa ya zubar da rabin jumlar da kake riƙe da ita, ko da ba ka buɗe shi ba. Bayan kowane shafi biyu, kife wayar ka faɗi abin da ka karanta da bakinka.

TAMBAYA: Idanuna suna yaji idan na daɗe ina karatu a waya. Hasken ne? Daga wata malamar makaranta a Kumasi.

AMSA: Malama, sau da yawa bushewa ce, domin mai kallon waya yakan rage ƙifta ido bai sani ba. Ki daidaita hasken da na ɗakin, kada ki yi karatu cikin duhu waya tana haska ki kamar tocila. Bayan kowane minti 20 ki dubi wani abu mai nisan mita 6 na daƙiƙa 20. Idan yajin ya ci gaba, ko layuka suna haɗe miki, ko ciwon kai yana biyo baya, ki je a gwada miki ido a asibiti, wataƙila tabarau kike bukata.