Kamfanonin ƙasashe biyu sun haɗa baki kan farashi: ina zan kai kuka?

Tambaya: Barista, ni dilan takin zamani ne a Kano, ina da abokan ciniki har Maraɗi. A wurin kamfanoni biyu nake sarin kaya, ɗaya a Legas, ɗaya a Kwatano. Tun bara na Kwatano ya daina sayar mini, ya ce in nemi na Legas, kuma farashinsu rana ɗaya yake tashi. Ina zargin raba kasuwa suka yi. Wa ke da hurumin sauraron kukana?

Amsa: Alhaji, idan zarginka ya tabbata, laifi ne babba, kuma zaman ɗayansu a hayin iyaka ba zai fishe shi ba. Hukumomi uku ne ke da hannu a maganarka, kowace da inda ikonta ya tsaya.

Ka fara da gida. Dokar gasar kasuwanci da kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC a Abuja, ta haramta haɗa baki kan farashi da raba kasuwa a sashe na 59. Sashe na 2 kuma ya miƙa hannun dokar zuwa abin da aka ƙulla a ƙetare, muddin ya shafi kayan da ake shigowa da su Nijeriya. Tarar kamfani tana iya kai kashi 10 cikin 100 na cinikinsa na shekarar da ta gabata. Sai dai FCCPC ba ta da ikon shiga ofis a Kwatano ta kwashe takardu. A nan ne ake buƙatar hukuma ta biyu.

ECOWAS ta amince da dokokin gasar kasuwanci na yankin a Disamban 2008, hukumar aiwatar da su, ERCA, ta buɗe ofis a Gambiya a 2019. Huruminta shi ne duk wata haɗa baki da ta taɓa ciniki tsakanin ƙasashen ƙungiyar, kuma Nijeriya da Benin duk suna ciki. Takan yi bincike ta hannun hukumomin ƙasashe, wanda bai yarda da hukuncinta ba kuma ya nufi kotun ECOWAS da ke Abuja.

Ɓangaren Maraɗi dabam yake. Nijar ta fice daga ECOWAS ranar 29 ga Janairun 2025, don haka kada ka jingina asarar da ka yi a can da ERCA. Amma Nijar da Benin suna cikin UEMOA, ƙungiyar ƙasashe masu amfani da sefa, wadda hukumar zartarwarta ke Wagadugu. Tun shekarar 2000 kotun ƙungiyar ta bayyana cewa hukunta haɗa baki irin wannan aikin hukumar zartarwar ne, hukumomin ƙasashe taimaka mata suke yi da bincike. Ya fi sauƙi abokin cinikinka na Maraɗi ya kai wannan ƙorafi da sunansa, a rubuce da Faransanci, ta hannun lauya a Yamai.

Kada ka ɗauka kai ƙara wuri ɗaya ya wadatar. Hukumomin nan suna tuntuɓar juna, amma takardun sirrin kasuwanci ba sa ƙetare iyaka haka kawai. Galibi sai mai takardar ya yarda a rubuce. Saboda haka lauyanka ya aika wa FCCPC da ERCA ƙorafi iri ɗaya, ya ambata wa kowace cewa ɗayar ta samu, ya haɗa da wasiƙar amincewarka a yi musayar bayananka, ya kuma nemi a sakaya sunanka ga kamfanonin, tunda har yanzu a wurin na Legas kake sari.

Inda irin wannan ƙara ta fi rushewa shi ne hujja. Tashin farashi rana ɗaya ba ya tabbatar da komai shi kaɗai, domin kamfanonin za su ce canjin dala ne, ko kuɗin jirgin ruwa, ko harajin kwastan, kuma sau da yawa gaskiya suke faɗa. Abin da ke da nauyi shi ne maganar da na Kwatano ya yi maka. Idan a WhatsApp ya turo ko a wasiƙa, ka adana ta da kwanan watanta, kada ka sauya waya kafin a kwafe. Ka tara rasit na aƙalla shekara biyu, kafin na Kwatano ya daina sayar maka da kuma bayan haka, da takardun farashin da kowannensu ya riƙa turowa. Idan akwai wasu dilolin da aka juya kamar yadda aka juya ka, shaidar mutum biyar ta fi ta mutum ɗaya ƙarfi nesa ba kusa ba.

Ka kuma duba kanka kafin ka miƙa takarda. Idan akwai buhunan da suka shigo ko suka fita ba ta hannun kwastan ba, rasit ɗinka zai tona maka asiri. Idan kuma ka taɓa zama a taron dilolin da aka tsayar da farashi ɗaya, kai ma dokar ta hau kanka. Ka sanar da lauyanka tun farko, domin FCCPC tana da tsarin sassauci ga wanda ya riga kowa fallasa haɗa baki.

Tarar da za a ci kamfanonin aljihun hukuma za ta shiga. Diyyar asararka sai ka neme ta dabam, kuma binciken da ya ƙetare iyaka yakan ɗauki shekaru, don haka ka fara ajiye lissafin asarar wata-wata tun yanzu.