Kumburin jijiya a bayan gwiwa: sai an yi tiyata?

'Yar'uwa, kin ce an yi wa Mama hoton ƙafa, likita ya ce jijiyar da ke mayar da jini sama ta kumbura a bayan gwiwa, kina tambaya ko magani kaɗai zai isa. Allah ya ba ta lafiya.

Ba a cika samun wannan matsala ba, kuma sau da yawa ko zafi ba ta yi. Haɗarin shi ne jini ya kwanta cikin kumburin ya daskare, gudan ya ɓalle ya tafi huhu. Wasu ma sai numfashi ya sarƙe musu kwatsam sannan a gano. Shi ya sa aka fi son a yi hoton duplex, wato hoton na'urar ultrasound mai nuna yadda jini ke gudana a jijiya, mutum yana tsaye, domin a kwance jijiyar takan sace, ta ɓoye girmanta.

Maganin tsinka jini kaɗai ba ya kawar da haɗarin. In faɗin kumburin ya wuce santimita 2, ko akwai gudan jini ciki, likitocin jijiya sun fi karkata ga tiyata: a kwantar da ita rub da ciki, a yanke wurin da ya kumbura, a ɗinke jijiyar, sannan ta sha maganin na wasu watanni.

Don Allah kada a bari mai tausa ya murza wurin. In ta ji ciwon ƙirji ko haki, ku garzaya asibiti nan take.