Lamba ta ce daidai suke, ido ya ce a'a: da wane ma'auni ake auna ingancin bidiyo?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin digiri na biyu ne a Samaru. Na matse bidiyon hawan Daushe, wato na rage nauyinsa, ta hanyoyi biyu, PSNR ɗinsu ya zo kusan ɗaya, amma duk wanda na nuna wa sai ya ce ɗaya ya fi kyau nesa ba kusa ba. Da me zan dogara?

Amsa: Wa alaikumus salam. Idanun mutanen nan ba su yi maka ƙarya ba. PSNR lissafi ne zalla: yana auna bambancin kowane ɗigon hoto tsakanin na asali da wanda aka matse, ya tara. Bai san inda kuskuren ya faɗa ba, ido kuwa ya sani. Kuskuren da ya sauka kan adon sirdi ko aikin babbar riga ɓacewa yake cikin zanen, balle doki na sukuwa. Amma in ya sauka kan sararin sama, ko ƙurar da ta tashi a ƙofar fada, sai ka ga launin ya rabu layi-layi, domin bidiyo mai bit 8 matakan haske 256 kawai gare shi, matsi kuma ya ƙara cinye su.

Wannan giɓin ne ya sa Zhou Wang da Alan Bovik da abokan aikinsu suka fito da ma'aunin SSIM a 2004, mai duba haske da tsarin hoto. A 2016 Netflix ta saki VMAF, wanda aka koya wa na'ura da makin da mutane suka bayar, yana ba da sakamako daga 0 zuwa 100. Shi nake ba ka shawara ka fara da shi, amma da lura. An horar da shi ne kan talabijin mai 1080p, mai kallo na zaune nesa da ninki uku na tsayin allon. In a waya za a kalla, zaɓi samfurinsa na waya. Ka daidaita girman bidiyon biyu, ka kuma tabbata sun fara a firam ɗaya, wato hoto ɗaya cikin jerin hotunan bidiyon, domin gocewar firam guda ta isa ta rusa makin. Layi-layin sama kuwa VMAF bai cika kama shi ba, sai ka haɗa da CAMBI, ma'aunin da aka yi don gano irin wannan layi-layin.

Duk da haka, kada ka tsallake gwajin mutane. Ƙa'idar ITU-R BT.500, wato ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta gwada ingancin hoto da idon mutane, ta nemi aƙalla mutum 15. Yanka bidiyon guntu-guntu, kamar daƙiƙa 10, ka cuɗa jerinsu, waya ɗaya, hasken allo ɗaya, kowa ya ba da maki daga 1 zuwa 5. Sannan ka gwada matsakaicin makinsu da na kowane ma'auni da lissafin Spearman, mai nuna yadda jerin maki biyu suka dace da juna.

In kuma naka samfurin za ka horar, ka raba bayanan bisa asalin bidiyo. Muddin guntayen hawa ɗaya suka shiga horo da gwaji duka, na'urar dawakan za ta haddace, ta ba ka sakamako mai kyau da zai zube ranar da ka nuna mata bidiyon kasuwar Sabon Gari.