Kun Tambaya: Zuwa ganin hasken arewa a Norway

Tambaya: Ni da maigidana mun tara kuɗi muna son zuwa garin Tromso da ke arewacin Norway a Disamba, mu ga koren hasken nan da ke rawa a sama. Amma na ji mutanen garin sun gaji da baƙi, ga fargabar salla a inda rana ba ta fitowa. Wani direba a Facebook ya ce zai zaga da mu a rabin farashi. Mu fasa? (Ma'aikaciyar jinya, Ingila)

Amsa: 'Yata, kwantar da hankalinki, ba sai kun fasa ba. Abin da kika ji gaskiya ne: mutanen Tromso wajen dubu 80 ne kawai, kuma gidajen haya da yawa sun koma masaukin baƙi na Airbnb, ɗalibai na fama kafin su sami ɗaki. A 2025 majalisar Norway ta amince ƙananan hukumomi su riƙa karɓar harajin kashi 3 cikin 100 a kan kuɗin kwana. Ku sauka a otal, ku ɗage tafiyar zuwa Maris: rana ta dawo, hasken yana nan da dare, cunkoson Kirsimeti ya wuce. Akwai masallaci a garin, sunansa Alnor, za su ba ku jadawalin salla.

Direban nan ne ya tayar mini da hankali. Araha ba ta ado! Irinsu ba lasisin ɗaukar fasinja, ba inshora, wasunsu ba su taɓa tuƙi kan ƙanƙara ba, sai su loda mutane cikin motar haya su nufi hanyar dutse da tsakar dare. 'Yan sandan Norway sun sha kama su suna korarsu daga ƙasar. Su ne ke tsayawa a tsakiyar titi, fasinja su watsu cikin duhu da waya a hannu, wasu har su yi bahaya a harabar gidajen mutane. Idan motar ta zame, wa zai biya asibiti? Ki nemi lambar rajistar kamfani kafin ki tura ko sisi.

Haka tsaraba. 'Yan ƙabilar Sami, makiyayan barewar yankin, suna sassaƙa kofin itace da wuƙa mai ƙotar ƙaho, amma shaguna cike suke da jabu na masana'anta. Ki duba tambarin Sámi Duodji, shaidar cewa aikin hannun Sami ne na gaske. In babu, ki ajiye, ko da mai shago ya rantse.

Tambaya: Wane kamfani ne zai ba ni tabbacin ganin hasken? (Ɗalibi, Jamus)

Amsa: Haba ɗana, wa ke sayar da sararin samaniya? Gajimare ya rufe, shi ke nan. Wanda ya yi maka alkawari maƙaryaci ne. Ka ba kanka dare uku ko huɗu.

Tambaya: In sayi rigar sanyi a gwanjo kafin in taso? (Ɗan kasuwa, Kano)

Amsa: Alhaji, rigar hunturunmu ba ta jure sanyin can. Yawancin kamfanoni masu rajista suna ba da aron riga mai haɗe da wando, ka tambaya kafin ka biya. Ka sayi safar ulu da takalmi mai kaurin tafi. In kana tunanin ƙarasawa Svalbard, tsibiran Norway da ke can arewa, ba sa cikin yankin Schengen na ƙasashen Turai masu bizar bai ɗaya, sai bizarka ta zama mai shiga sau biyu.